Gashin ido na kanti: Kada garin neman gira a rasa ido

Hunturu ya fara buso ƙura a Jalingo, katunan biki kuma sun fara yawo gida-gida. Daga yanzu har bayan Kirsimeti da sabuwar shekara, da wuya Asabar ta wuce ba a kai amarya ba. Wannan ne lokacin cinikin masu sana'ar kwalliya, kuma shi ne lokacin da mu masu kantin magani muke ganin ƙaruwar mata masu shigowa da baƙin tabarau ko da bayan magariba ne, suna neman "maganin ɗigawa mai ƙarfi". Idan aka cire tabarau, sau da yawa abin da za a tarar shi ne fatar ido a kumbure, ga dogon gashin ido na kanti, wanda 'yan mata ke kira lashis, ya cukurkuɗe da kwantsa.

Yau da ke nake, ke da za ki kwanta a rufe miki ido na awa biyu, da ke uwar amarya mai biyan kuɗin aikin, da kuma ke 'yar'uwata mai sana'ar, wadda idon mutane ke hannunki. Abin ya wuce kwalliyar amare kawai. Ki zaga daga Mile Six zuwa Sabon Gari, ko ki tsaya a ƙofar Jami'ar Jihar Taraba da safe, za ki gani da idonki. Likitocin ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun taɓa yin bincike a kan ɗalibai mata 310 na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, aka buga sakamakon a 2017. Kusan huɗu cikin kowane goma suna sa wannan gashi, kuma ƙaiƙayi da jan ido da zafi su ne koken da suka fi yawa, kowannensu ya kusa kai rabi. Shekaru ke nan da yin binciken, tun kafin TikTok ya shiga wayar kowace yarinya.

Hukuncin ƙarin gashi a addini, da batun ko ruwan alwala yana kaiwa inda ya kamata, wannan fagen malamai ne, ki tambaye su. Ni abin da na karanta shi ne magani da yadda sinadari ke aiki a jikin mutum, a nan zan tsaya.

Gashin idon da aka haife ki da shi yana da aikin yi. Yana tare ƙura, yana rage iskar da ke busar da hawaye, kuma da zarar wani abu ya taɓa shi sai ido ya ƙifta kafin abin ya shiga. A 2015 wasu masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka sun auna gashin idon dabbobi masu shayarwa iri 22, suka tarar tsawonsa a kusan dukkansu kashi ɗaya ne cikin uku na faɗin idon. Da suka gwada a na'urar hura iska, sai suka ga idan gashin ya wuce wannan tsawo yakan koma kamar mazurari, yana tattaro iska da ƙura yana zuba su cikin ido. To ki yi tunanin mace mai gashin ido kamar fiffiken tsuntsu, a cikin keke, a kan titin Hammaruwa, a watan Disamba. Ko gam bai yi mata komai ba, bushewar ido da jin kamar an zuba yashi suna jiran ta.

Iri uku ake sawa a garin nan. Akwai na layi guda, wanda ake mannawa a gefen fatar ido da safe a cire da dare. Akwai na 'yan ƙulli-ƙulli, da ake jerawa a kan gashin asali. Sai na ɗaya-bayan-ɗaya, mai ɗaukar awa biyu ko fiye, inda ake ɗaura kowane silin roba a kan silin gashinki guda, a bar tazarar kamar milimita ɗaya ko biyu daga fata. Wannan na ƙarshe, idan gwana ce ta yi shi, gam ba ya taɓa fata ko kaɗan. Na ƙulli-ƙulli shi ne na fi tsoro, domin yakan haɗe silin gashi huɗu ko biyar wuri guda. Kowane sili yana da lokacin tsirowarsa da lokacin faɗuwarsa, idan aka ɗaure mai girma da mai hutawa sai ɗaya ya riƙa fizgar ɗaya daga tushe. Bayan watanni ana maimaitawa sai ki ga giɓi a gashin ido, wani lokaci ya dawo, wani lokaci tushen ya mutu ke nan.

Amma babbar magana tana wurin gam. Gam ɗin da aka yi domin wannan aiki dangin Super Glue ne, sinadarinsu ɗaya, ana kiransa sayano-akirilet, sai dai an tace na ido an rage masa kaifi. Yayin da yake bushewa yana fitar da tururi mai yaji, kuma yakan saki ɗan sinadarin fomaldihaid, wato tushen ruwan fomalin da ake adana gawa da shi a mutuware. A ƙasar Jafan an buga wani rahoto a 2012 a kan mata 107 da suka je wurin likitocin ido bayan an sa musu gashin: 64 sun samu kumburin farin ido da na fatar da ke rufe baƙin ido, 42 kuma jikinsu ne ya ƙi gam ɗin fatar idonsu ta kumbura. Gam iri uku da aka gwada, duk an samu fomaldihaid a cikinsu. Wannan a ƙasar da tun 2008 hukuma ta ce sai mai lasisin gyaran jiki zai yi aikin. Mu kuwa a nan, yarinya kan koya cikin sati biyu a shagon yayarta ko ta YouTube, ta buɗe nata.

Ba na raina sana'ar. Na san mata da yawa da ita suke biya wa ƙannensu kuɗin makaranta. Sai dai akwai abin da ba zan yi wa kara ba, shi ne amfani da baƙin gam ɗin gashin kai, wanda ake manna ƙarin gashi da shi, a kan ido. Yana da araha, kwalba ɗaya ta yi wa mutum talatin, kuma yana riƙewa, shi ya sa ya cika shaguna. Amma an yi shi ne da ruwan roba, irin wanda ake safar hannu ta asibiti da shi, kuma akwai mutanen da jikinsu bai yarda da roba ba sam, har takan kai su ga kumburin leɓe da toshewar numfashi cikin mintuna. Yawancin kwalaben ma an rubuta a jikinsu kada a kusantar da ido. Super Glue na kasuwa kuwa ba ma sai na faɗa ba. Kafin ki kwanta, ki ce a nuna miki kwalbar. Ki duba ko an rubuta na gashin ido ne, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Idan aka miƙo miki ƙaramar roba marar rubutu aka ce "ai mai kyau ne, daga Legas ya zo", ki tashi ki ɗaura ɗankwalinki.

Ke mai sana'a, ki san cewa danshin iska ne ke busar da wannan gam. Da damina yakan kama nan take, da hunturu kuwa iska a bushe take, sai ya daɗe bai kama ba, yana ta fitar da tururi a fuskar wadda ke kwance da kuma hancinki. Ita sau ɗaya a wata take shaƙa, ke kullum. Atishawa da toshewar hanci da tarin dare da wasu masu aikin ke fama da su, ba duka ne mura ba, kuma an san wannan sinadari da jawo asma ga masu aiki da shi. Takunkumin fuska na takarda yana tare yawu ne, ba ya tare tururi. Ki buɗe taga, ki sa fanka ta riƙa kora iskar waje maimakon hura ta a fuskar mai kwance. Zafi kuma yana lalata gam, kada ki bar shi a jaka cikin rana, kuma kwalbar da ta wuce wata ɗaya zuwa sati shida da buɗewa ta gama aiki.

Wata uwa ta taɓa kawo mini 'yarta da safiyar ranar kamu. Jiya da yamma aka sa mata gashin, ta kwana, ta tashi idanu biyu sun rufe kamar wadda zuma ta harba. Uwar tana ta cewa sammu ne ko bakin mutane, ita kuwa amarya kuka take, hawayen ma da ƙyar yake samun hanya. Jikinta ne ya ƙi gam ɗin. Aka kai ta asibiti aka cire, aka ba ta magani, amma kumburi irin wannan ba ya sauka a wuni ɗaya, haka aka yi hotunan biki da mayafi a rufe. Abin da zai hana wannan ba ya cin ko sisi: a gwada. A sa sili huɗu ko biyar a gefen kowane ido, a jira kwana biyu. Amaryar da ba ta taɓa sawa ba, ta yi gwajin sati biyu kafin biki, ta sa cikakken aƙalla kwana huɗu ko biyar kafin ranar. Gwajin ba ya kama kowa, domin akwai wadda za ta shekara tana sawa lafiya, rana ɗaya jikin ya juya mata baya. Idan kuwa ya juya, yawanci ya juya ke nan, sauya shago ko sauya kwalba ba zai yi magani ba.

Haka batun rina gira da gashin ido da baƙin lalle ko rinin gashin kai. Yawancin baƙin lalle mai kamawa cikin minti kaɗan yana ɗauke da sinadarin PPD. A 1933 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure, mai wannan sinadari, ya makantar da mata a Amurka, har aka samu wadda ta rasu, kuma yana cikin abubuwan da suka sa ƙasar ta kafa dokar abinci da magunguna da kayan kwalliya ta 1938. Abin da ya tayar da ƙuraje a bayan hannu, ki yi tunanin abin da zai yi a fatar ido, wadda ita ce mafi siranta a duk jikin mutum.

Mu koma kan ƙwayoyin cuta, domin a nan ne sakaci ya fi yawa. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna sitafilokokas a cikin hancinsa ba tare da ta dame shi ba. Ita ce ke kawo hazbiya da maruru da kumburin gefen fatar ido. Mai kwalliya ta sosa hanci, ta amsa waya, ta karɓi kuɗi ta ba da canji, ta dawo ta kama fatar idonki. Akwai kuma wata al'ada da kusan kowa ke yi: a shafa gam a kan gashin layi, a kai baki a hura masa iska don ya yi danƙo, sannan a manna. Duk abin da ke bakinta ya tafi idonki ke nan, har da ƙwayar cutar da ke fito da ƙurajen zazzaɓi a leɓe, wadda idan ta shiga baƙin ido takan bar hakiya. A kaɗa shi a iska na daƙiƙa talatin, aikin ɗaya ne. A daina ɗiga gam a bayan hannu, a sa a kan ɗan faranti ko takardar da za a yar. Wanke hannu kuma na gaske ake nufi, da sabulu da ruwa, daƙiƙa 40 zuwa 60 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, kafin kowace mace da bayanta. Dogon farce na kanti matattarar datti ne, bai dace da mai taɓa ido ba.

Kowa a ƙasar nan ya san Apolo. Sunan ya samo asali ne daga Ghana a 1969, lokacin da annobar jan ido ta ɓarke daidai da tafiyar kumbon Apollo 11 zuwa duniyar wata. Ƙwayoyin bairos ne ke kawo ta, kuma kallon mai ciwon ba ya sa a kamu, hannu da tawul da kayan aiki ne ke ɗaukar ta. Wani nau'in bairos ɗin yakan yi makonni a raye a kan roba ko ƙarfe. Yanzu ki tuna ɗakin ƙawayen amarya ranar walima: mata goma a layi, burushi ɗaya, maskara ɗaya, tsinken kwalli ɗaya, matashi ɗaya, mai kwalliya tana sauri domin motoci sun iso. Idan ta farko tana ɗauke da Apolo da bai gama bayyana ba, kafin sati ya zagayo an raba wa gida goma, yara su kai makaranta. Ɗan burushin taje gashin ido, da audugar da ake sawa a ƙarƙashin ido, da salatif, duk na mutum ɗaya ne, a yi amfani a yar. Gashin layi da aka cire daga idon wata ba ya komawa kwali don a sa wa wata. Ke mai zuwa kwalliya, maskara da kwalli da soson hoda ki tafi da naki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne reza. Kusan duk mai sa gashin ido tana gyara gira, kuma da reza ake yi. Ƙaramin yanka da ko ke ba ki ji ba ya isa. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jinin da ido ba ya gani, kuma ta fi ƙwayar HIV saurin kamawa nesa ba kusa ba. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, Taraba kuma tana cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Ba banza ba ɗan jihar nan, Danjuma Adda, ya zama shugaban ƙungiyar masu yaƙi da ciwon hanta ta duniya a 2022. Yawancin masu ɗauke da cutar lafiyarsu ƙalau a ido, ba su ma sani ba, sai bayan shekaru hanta ta ƙandare ko ta zama daji. Sabuwar reza, a ɓare ta a gabanki, a jefa ta a gwangwani mai murfi bayan an gama. Nawa reza take? Wannan doka ta shafi allurar zanen gira na dindindin da ya fara shigowa, ta ma fi shafar ta, domin shi da gangan ake tsaga fata.

Sai a 2004 aka sa rigakafin wannan ciwo cikin alluran jarirai a Najeriya. Ma'ana, mafi yawan matan da aka haifa kafin wannan shekara ba a yi musu ba. Ke mai sana'a, ki je a gwada jininki, idan ba ki da shi ki karɓi allurar: guda uku ce, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida.

Yaya ake tsabtace hantsaki da almakashi? Goge su da audugar sifirit na daƙiƙa biyu, ko tsoma su a ruwan Dettol da ya kwana uku a kofi, kwantar da hankali ne kawai. Gam da maiƙo suna yi wa ƙwayoyin cuta rumfa, don haka matakin farko a kankare gam, a wanke da sabulu da ɗan burushi. Bayan nan hanya mafi sauƙi ga kayan ƙarfe ita ce tafasawa a tukunya mai murfi, minti 20, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya fara tafasa. Idan babu hali, JIK ko Hypo mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, a zuba awo ɗaya a ruwa awo shida, a jiƙa minti goma, a ɗauraye sosai da ruwan da aka tafasa ya huce, a shanya, a rufe a mazubi mai tsabta. Kada a wuce minti goman domin yana cin ƙarfe, kada a haɗa shi da wani ruwan wanki, kuma kullum a dama sabo. Na fi son waɗannan hanyoyi biyu a kan sifirit saboda an gwada an ga wani nau'in sifirit ba ya kashe bairos ɗin jan ido. Akwatin nan mai shuɗiyar fitila da ake jerawa a shago don burge mutane, wurin ajiya ne, haskensa ba ya shiga lungun hantsaki. Mai ciniki da yawa ta mallaki hantsaki saiti uku, ɗaya a hannu, ɗaya a tukunya, ɗaya a ajiye.

Gwanar gaske ita ce wadda ta san ranar da za ta ce a'a. Ido ja, ko mai kwantsa, ko hazbiya, ko ƙuraje masu ruwa kusa da ido, ko makero a fuska, ko wadda aka yi wa aikin ido kwanan nan, duk a ba su haƙuri su dawo bayan sun warke. Kuɗin mutum ɗaya za ki rasa, maimakon a ce a shagonki aka kwaso. Ke ma idan kin tashi da jan ido, ki rufe shago. Sai kuma matan da ke shafa man bilicin. Yawancin waɗannan mayuka suna da sinadarin sitiyarod mai sirantar da fata, har ki ga jijiyoyi kore-kore a kumatu. Irin wannan fata salatif kaɗai yakan ɗaye ta, ciwon kuma ya daɗe bai warke ba, ya bar baƙin tabo a ƙarƙashin ido. Ki tambaya cikin hikima, domin ba kowa ke amsa cewa tana shafawa ba, takan ce "sabulu ne kawai na haɗi".

Bayan an sa, kuskuren da aka fi yi shi ne gudun ruwa. Mace ta kashe kuɗi, tana tsoron kada ya zube, sai ta yi sati uku ruwa bai taɓa fatar idonta ba. Maiƙo da mataccen fata da hoda da ƙurar hunturu su taru a gindin gashin. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ke zaune a ramin gashin idon yawancin manya ba tare da cutarwa ba, amma idan suka samu wannan dandali sai su yawaita, gefen ido ya yi ja, ya riƙa ƙaiƙayi yana fitar da ɓawo kamar amosanin kai. Da zarar kwana ɗaya ko biyun farko sun wuce, ki riƙa wanke gindin gashin kullum da ruwa mai tsabta da sabulun wanke gashin ido, ko ɗigon shamfun jarirai a cikin ruwa. Kuma ki riƙa ba idon hutu, bayan wata biyu ko uku a cire gaba ɗaya na wasu makonni.

To idan ido ya riga ya yi ja fa? Idan tururin gam ne, za ki ji yaji tun a shagon, farin ido ya yi ja musamman ta ƙasa, kuma yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu da ruwan hawaye na kanti da tsumma mai sanyi. Idan jiki ne ya ƙi gam, fatar ido biyu ce za ta kumbura da ƙaiƙayi, bayan wasu awanni har zuwa kwana uku. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi irin su setirizin za ta rage, amma muddin gam yana wurin ba za a rabu da Bukar ba, sai an cire. Idan ƙwayar cuta ce, yawanci ido ɗaya ke farawa, da kwantsa mai manne ido da safe.

Ina roƙon ki da babbar murya, kada ki sayi maganin ɗigawa mai sitiyarod da kanki. Irin su Betnesol-N da Maxitrol da duk mai ɗauke da dekzametazon magunguna ne masu kyau a hannun likitan ido. Suna kawar da ja cikin kwana ɗaya, shi ya sa ƙawa ke ba ƙawa. Amma idan akwai ƙujewa ko gyambo a baƙin ido, suna danne garkuwar wurin, ƙwayar cuta ta ci gaba da ci a ɓoye har ido ya huje. Yawan amfani da su kuma yana kawo hawan jinin ido da yanar ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya tafi da shi ba ya dawowa. Duk mai kantin da ya miƙo miki irin wannan ba tare da takardar likita ba, bai kyauta miki ba. Haka nan ruwan nono, ruwan sukari, ruwan albasa, ruwan batir da fitsari, babu wanda ke da wuri a ido. Fitsari ma an sha ganin ya kai ƙwayar ciwon sanyi cikin ido, mai iya huda shi cikin kwana biyu. Ragowar maganin ɗigawa da ya wuce kwana 28 da buɗewa a yar da shi.

Akwai alamomin da ba a kwana da su: ciwo mai tsanani, kasa kallon haske, gani ya dushe, ɗigon fari a kan baƙin ido, mugunya mai kauri tana zuba, ko kumburi mai zafi tare da zazzaɓi. A ranar ki tafi sashen ido na asibitin tarayya na FMC Jalingo ko Asibitin Ƙwararru na jiha. Mai sa gilashin nan na roba da ake liƙawa a ƙwayar ido, masu launi na amare, ta cire shi nan take ta tafi ko da jan kaɗan ne. Gyambon baƙin ido da aka kama da wuri ana maganinsa a nan gida, wanda aka yi wa jinkiri shi ke kai iyali Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, kun kuwa san nisan hanyar da kuɗin mota. Idan leɓe ko harshe ya fara kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa ana cikin aikin, wannan na gaggawa ne, asibiti mafi kusa.

Idan gam ya ɗiga cikin ido ko ya manne fatar sama da ta ƙasa, kada a ɓamɓare da ƙarfi, kada a kawo ruwan goge farce ko kananzir. A yi ta zuba ruwa mai tsabta mai ɗan ɗumi na minti 15, a rufe da bandeji mai laima, a tafi asibiti. Kada a goge ɗanyen gam da busasshiyar auduga, domin haɗuwarsu tana haifar da zafi har ta ƙona fata. Yawanci idon da ya manne yakan buɗe cikin 'yan kwanaki, ɓarnar da ake samu daga fizga take zuwa da kuma busasshen gam da ke gogar baƙin ido, shi ya sa dole likita ya duba.

Cirewa ma haka. Na layi, ki jiƙa shi da ɗan man zaitun ko man cire kwalliya a auduga, ki jira, ki zare a hankali daga gefen waje. Na ƙulli da na ɗaya-bayan-ɗaya kuwa ki koma wurin wadda ta sa, ta cire da man cirewa mai kauri wanda ba ya gangarawa, idonki a rufe ruf har ta gama ta goge. Maigida, idan ka ga uwargida ko 'yarka zaune gaban madubi tana tsige shi da yatsa saboda ƙyashin kuɗin cirewa, ka ba ta kuɗin ta koma shagon.

Da yawa kun aiko da tambaya a kan kwalli da tozalin da ake sa wa jarirai da batun dalmar da ke cikinsa. Shi za mu ɗauka a mako mai zuwa.